Yadda za a koyar da Faransanci a aji da waya ɗaya da lasifika

Babbar matsalar ɗalibin Faransanci a ƙaramar sakandare, a Kano ne ko Katsina ko Gusau, tana kunnensa. Zai shekara uku yana kwafar jeren aikatau daga allo, ya haddace être da avoir tsaf, amma ranar da direban babbar mota daga Maraɗi ko Garwa ya tambaye shi "Tu vas où ?" sai ya yi tsuru yana kallonsa. Muryar mutum ɗaya tak ya taɓa jin tana Faransanci, ta malaminsa, ita ma minti arba'in sau biyu a mako. Ga shi kuma rubutun harshen da furucinsa sun yi hannun riga: ils parlent haruffa goma ne a takarda, a baki kuwa sauti shida ne, kuma daidai yake da il parle, babu bambanci ko kaɗan. Yaron da ya koya da ido kawai ba zai taɓa gane wannan ba.

Saboda haka aikin farko da na'ura za ta yi a ajin harshe shi ne ta shigo da muryoyi: ta mace, ta namiji, ta yaro, ta mutumin Paris da ta mutumin Dakar, kuma ta maimaita jimla ɗaya sau goma ba gajiya. Duk sauran abin da za a faɗa a nan a kan wannan aka ɗora shi.

Kayan aiki

Waya mai Android wadda ke da wurin ajiya, lasifika mai caji, kebul na sauti mai baki 3.5 mm, katin memori, da batirin ajiyar caji. Da waɗannan aji mai ɗalibai saba'in zai yi darasin saurare ko an ɗauke wuta mako guda.

A lasifika ya kamata a kashe kuɗi. Ƙaramar nan ta aljihu mai wat 3 ko 5 ba ta wuce benci na huɗu. A nemi mai wat 15 zuwa 20 ko sama, wadda ke karɓar katin memori ko filashi, domin ranar da waya ta mutu ana iya saka katin kai tsaye. Yawancin lasifikun kasuwa don kiɗa aka yi su, suna da ƙarfin gangar ƙasa, wannan kuwa yana haɗiye baƙaƙe irin su s da f da ch, waɗanda su ne ake son yaro ya ji. Idan akwai maɓallin rage wannan rugugin, a rage shi. A ɗora ta a sama, daidai kan ɗalibai in suna zaune ko sama da haka, tana fuskantarsu. Idan aka ajiye ta a teburin malami, jikin 'yan sahun gaba ne zai shanye sautin. Kafin ranar farko malami ya kunna faifai, ya je ya zauna a bencin ƙarshe, fanka tana juyawa, ya ji da kunnensa.

Bluetooth yana da sauƙi amma yana da hali biyu marasa kyau. Lasifika da yawa suna kashe kansu idan aka yi 'yan mintuna ba sauti, sai malami ya gama bayani ya danna, shiru. Wasu kuma suna yanke farkon jimla duk lokacin da aka tsayar aka sake kunnawa, a darasin maimaitawa kuwa wannan rabin daƙiƙar ita ce le ko la. Kebul ba ya yin ko ɗaya daga ciki. A saka wayar a yanayin jirgin sama kafin shiga aji, don kada kira ya shigo ta lasifika. Idan da Bluetooth ake aiki, ana iya sake kunna shi bayan haka.

Batirin ajiya da aka rubuta masa 10,000 mAh ba ya ba da duka. Wajen kashi biyu bisa uku ne ke isa waya, wato zai cika waya mai batir 5,000 sau ɗaya da 'yan kai. Kada a bar shi a rana ko cikin mota a rufe, zafi ne ke kashe batir.

Majigi fa? Yana da amfani, amma ba shi ne na farko ba. Masu araha ana rubuta musu dubban lumen, wato ma'aunin ƙarfin haske, a kwali, adadin da ake dubawa na gaskiya shi ne wanda aka rubuta ANSI a gefensa, kuma yawanci ƙarami ne. Irin wannan sai an rufe tagogi kafin a ga hoto, rufe tagogi da yara saba'in a watan Afrilu kuwa azaba ce. Ƙurar hunturu tana toshe masa matata, ya yi zafi ya kashe kansa a tsakiyar darasi. Makarantar da ke da sola, talabijin mai inci 32 ya fi mata, bai cika cin fiye da wat 50 ba, kuma ana ganinsa da tagogi a buɗe.

Shiri tun daga gida

Kada a dogara da intanet a cikin aji. Bidiyon da ya tsaya yana juyawa na minti biyu ya isa aji ya watse da surutu. Komai a sauke shi tun da dare. Sauti ba ya cin data: MP3 mai 128 kbps kusan megabait ɗaya ne a minti, saboda haka faifan minti biyu sau biyu a mako na tsawon zango mai mako 12 bai kai megabait 50 ba. Bidiyo ne mai ci, shi ma a zaɓi 360p ko 480p.

Wuraren samu suna da yawa, amma biyu sun isa farawa. TV5Monde tana da sashen koyon Faransanci kyauta, an jera darussansa bisa matakan iya harshe na Turai, daga A1 na masu farawa zuwa B2. Ɗan aji ɗaya da aji biyu A1 ne nasa. RFI tana da Journal en français facile, labarai na minti goma tare da rubutunsu. Sunan yana cewa mai sauƙi, amma ya fi ƙarfin ƙaramar sakandare. Ya dace da 'yan babbar sakandare, ya kuma dace da malamin kansa ya riƙa saurare kullum don kada harshensa ya yi tsatsa. Ga yara, a ciro jimla biyu ko uku daga ciki, misali gaisuwar buɗewa da faɗin kwanan wata. Shafin Forvo kuma yana ba da furucin kalma ɗaya ɗaya daga bakin masu harshen. Malamin da ke kusa da Alliance Française, kamar ta Kano ko ta Kaduna, ya leƙa ɗakin karatunsu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tsawon faifai. Ga 'yan aji ɗaya, daƙiƙa 30 zuwa 60. Aji uku, kada ya wuce minti ɗaya da rabi. A kwamfuta ana yanka da Audacity, kyauta ce. Tana da hanya biyu na rage sauri: ɗaya tana sauya muryar har mace ta koma kamar namiji, ɗaya tana barin muryar yadda take, ta biyun ake so. A waya, VLC tana rage sauri, tana kuma da damar a sa alama a wuri biyu ta yi ta maimaita abin da ke tsakaninsu. Kada a sauko ƙasa da 0.8. In aka wuce nan wasula suna miƙewa, haɗin kalmomi irin na les amis yana lalacewa, yara su saba da Faransancin da babu mai yin sa.

A ba kowane fayil suna mai ma'ana, aji da mako da batu, kamar "Aji1 Mako3 Gaisuwa". Malamin da ya tsaya gaban aji yana laluben fayil cikin saƙonnin WhatsApp ya zubar da minti biyar.

Darasin minti 40

A ɗauki hirar kasuwa ta daƙiƙa 45: mace tana sayen tumatir da albasa.

Minti biyar na farko babu na'ura. A rubuta kalmomi biyar ko shida da ba za a gane hirar ba sai da su, combien, le kilo, cher, la monnaie, a furta su tare. Sannan a rubuta tambaya ɗaya mai sauƙi: mutum nawa ke magana, kuma a ina suke? Yaron da aka ce masa "ku saurara" kawai bai san abin da zai kama ba, sai ya ji hayaniya.

Saurare na farko, biro a ajiye, faifai ya tafi har ƙarshe ba tsayawa. A karɓi amsar tambayar, ko da Hausa aka ba da ita a makonnin farko. Saurare na biyu, a zana ɗan jadawali a allo: me ta saya, kilo nawa, nawa ta biya. Su cike, kowa ya gwada da na kusa da shi kafin a faɗi amsa. Wannan gwadawar tana da muhimmanci a babban aji, don ita ke sa mai kunya ya ɗaga hannu.

Saurare na uku shi ne na baki, kuma shi ke ɗaukar minti goma cur. A tsayar bayan kowace jimla. Aji duka su maimaita, sannan sahu ɗaya, sannan mutum biyu ko uku da malami ya nuna. Idan aji duka kawai ke amsawa, rabinsu motsa leɓe suke yi. Jimla mai tsawo a gina ta daga ƙarshe: "s'il vous plaît", sai "de tomates, s'il vous plaît", sai "un kilo de tomates, s'il vous plaît". Haka karin jimlar yake zama daidai, domin Faransanci a ƙarshen rukunin kalmomi yake sa nauyi.

Sai bayan nan za a nuna rubutun. Idan aka ba da shi tun farko, yaran da suka saba da karatun Hausa, inda kowane harafi ake furta shi, za su karanta t ɗin plaît da s ɗin tomates, kuma in ya zauna a baki cire shi aiki ne. A kunna sau ɗaya suna bin rubutun, su ja layi a kan haruffan da ba su ji ba.

Minti goma na ƙarshe lasifika a kashe. Bibbiyu, ɗaya mai saye ɗaya mai sayarwa, su sauya tumatir da barkono ko doya, su sauya farashi. Idan agogo ya ci malami, gara ya rage saurare ya bar wannan, don nan ne kawai kowane yaro yake buɗe baki da kansa.

Inda harshen Bahaushe ke tuntuɓe

Wuraren sanannu ne, kuma faifan minti ɗaya na kalmomi bibbiyu masu kama da juna yana maganinsu in ana kunna shi farkon kowane darasi. Hausa ba ta raba p da f, don haka pont da font, ko port da fort, suna zama ɗaya. V takan koma b: vin da bain. Wasalin u na tu da rue babu shi a Hausa, sai ya koma na tout da roue. Dabarar ita ce yaro ya ce "i" ya riƙe harshensa a nan, sannan ya tura leɓe gaba. Wasulan hanci uku, vin, vent, vont, sai kunne ya raba su kafin baki ya iya. Akwai kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙe, irin wanda ya ba mu burodi da tebur: très ta zama "tire".

Yadda ake yi: a rubuta kalma ɗaya a hagun allo, ɗaya a dama. A kunna, yara su ɗaga hannun hagu ko na dama. Malami na gani nan take wa ya ji wa bai ji ba, ba sai an yi maki ba. R ta maƙogwaro kada a ɓata lokaci a kanta. Miliyoyin masu Faransanci a Afirka da r ta harshe suke magana, ana kuma fahimtarsu.

Naɗar muryar ɗalibai tana gyara abin da faɗa ba ya gyarawa. Kowane mako a ɗauki rukuni biyu ko uku, su yi hirarsu ta daƙiƙa 30, waya tana kamar taƙi ɗaya daga bakinsu, a baranda inda babu amsa-kuwwa. Su fara ji su kaɗai. Ba a kunna wa aji muryar yaro sai ya yarda, domin dariya ɗaya tana rufe bakin yarinya har ƙarshen zango. A adana na makon farko, a kunna musu shi tare da na mako na goma.

Kalmomi da rubutu

AnkiDroid manhaja ce ta kyauta mai aiki ba intanet. Tana nuna kati, in ka tuna ta jinkirta dawo da shi, in ka manta ta dawo da shi da wuri. Malami ya haɗa katunan zango, ya raba wa masu waya a gida ta Bluetooth ko Xender. Sababbin kati goma a rana sun isa. In aka bar ashirin da ta zo da su, bayan mako biyu bita takan taru yaro ya gudu. Kowane suna a saka shi da le ko la nasa. Hausa tana da jinsi, wannan gata ne, sai dai ba ya haɗuwa da na Faransanci: rana mace ce amma le soleil, wata namiji ne amma la lune, gida namiji amma la maison. Waɗanda ba su da waya, a bi tsarin a allo: kalmomin yau su dawo a darasi na gaba, su sake dawowa bayan mako, sannan bayan wata.

A Gboard, manhajar maɓallan rubutu ta waya, a ƙara Faransanci cikin harsuna. Danna e a riƙe yana fito da é, è, ê. C yana ba da ç. A nuna musu cewa ba ado ba ne: ou "ko" ne, où "ina", sale mai datti, salé mai gishiri.

Google Translate ta san Hausa tun 2013, kuma yara sun san da ita, haka ma ChatGPT da ire-irensa. Hanawa ba ya aiki. Abin da ke aiki shi ne a kawo ta aji a gwada ta a gabansu. A ba ta "gari" ita kaɗai: rubutun Hausa ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, don haka ba ta da hanyar sanin birni ake nufi ko garin tuwo. A ba ta jimlar da yaro zai faɗa wa dattijo, a duba ko tu ta zaɓa ko vous. Aikin gida kuma a mayar da shi wanda na'ura ba za ta yi wa yaro ba, wato ya zo ya faɗa da baki, a yi masa tambaya ɗaya a kai. Shi malami yana iya sa irin waɗannan manhajoji su tsara masa hira a matakin A1, amma ya karanta kowace jimla kafin ta shiga aji, don sukan cusa kalmomin da suka fi matakin.

Al'ada

Al'adar da ta fi amfani ita ce wadda ke cikin maganar kanta. Tu da vous ba baƙon abu ba ne ga yaron da ya san ana ce wa babba "ku". Bidiyon daƙiƙa 20 na mutum yana shiga shagon burodi a Faransa ya ce bonjour, ya sayi abinsa, ya ce merci, au revoir, ya isa darasi guda: gaisuwar gajera ce, babu tambayar gida da gajiya, amma barinta rashin ladabi ne babba. A tambayi yara yadda aka yi, yadda ake yi a unguwarsu, da abin da baƙo zai yi kuskure a kowanne. A guji tambayar wanne ya fi.

Kada Faransanci ya tsaya a hasumiyar Eiffel. Wanda yaranmu za su fara haɗuwa da shi na Nijar ne da Kamaru da Chadi da Benin. A sa su ji Abidjan da Kinshasa da Kebek. A gaya musu cewa a Beljiyam da Suwizalan 70 septante ne, 90 nonante, inda Faransa ke cewa soixante-dix da quatre-vingt-dix. Hoton kuɗin sefa a waya yana koyar da lambobi, ya kuma buɗe zancen dala da jaka, yadda Hausawan Nijar ke ƙirga faran biyar da faran dubu. Su ji kalmomin Hausar Nijar irin su lakwal da mushe da jandarma su nemo asalinsu. Ranar Faransanci ta duniya, 20 ga Maris, daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yamai a 1970 ta samo asali.

Kowane bidiyo malami ya kalle shi daga farko har ƙarshe shi kaɗai. Sutura ko sumbar kumatu a gaisuwa ko kwalbar giya a tebur, wanda ba komai ba ne a can, yana iya jawo ƙorafin iyaye har a hana amfani da waya a makarantar gaba ɗaya. Abin da ya cancanci bayani a yi bayaninsa da baki. Abin da bai zama dole ba a yanke. Wannan ma wani dalili ne na saukewa: tallan da ke faɗowa a YouTube ba malami ke zaɓarsa ba.

Musayar saƙo da wani aji

Idan malami ya samu takwaransa a Damagaram ko Garwa ko Njamena, saƙon murya ya fi kiran bidiyo. Kiran kai tsaye yana son sabis mai kyau a wuri biyu lokaci guda, kuma yara uku ne za su yi magana saura su yi kallo. Da saƙon murya, rukunin mutum biyar suna shirya tambayoyi uku, a naɗa, a aika ta wayar malami, amsa ta zo kafin mako mai zuwa ta zama faifan saurare. Agogon Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi ɗaya ne. Senegal da Kodebuwa suna baya da awa ɗaya. Faransa tana gaba da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba.

Abin da ke kashe irin wannan musaya da maƙwabta abu ne mai daɗi: duka ɓangarorin suna jin Hausa, kafin mako uku hira ta koma Hausa. Malaman biyu su yi yarjejeniya tun farko, rabin saƙo da Faransanci, rabi da Ingilishi, kowa ya ƙaru. A nemi izinin shugaban makaranta da na iyaye a rubuce. Sunan farko kawai za a faɗa, babu hoton fuska, babu musayar lambar waya tsakanin ɗalibai, komai ta hannun malamai zai bi. A sa ranar aikawa tsayayya, misali kowace Laraba, a kuma duba kalandar hutun ɓangarorin biyu tun kafin a fara, domin zangon karatu a ƙasashen ba ya tafiya tare, kuma aji ɗaya yakan aika saƙo ya yi ta jira alhali ɗayan yana gida.